DARASIN TURANCI: "AN YI AN GAMA" DA "ANA CIKIN YI"

  A wannan fitowa mun ɗauko darasin Turanci, domin yayyenmu 'yan aji uku jarrabawar BECE tana tafe, mu kuma 'yan aji ɗaya da aji biyu ta ƙarshen zango tana jiranmu. A duka biyun akwai insha'i, kuma sau da yawa akan ce wa ɗalibi ya ba da labarin wani abu da ya faru. To, labari da Turanci ba ya tafiya sai da lokuta biyu, past simple da past continuous. Wanda ya iya su, labarinsa zai miƙe. Wanda ya cakuɗa su, jan biro zai cika masa takarda ko da labarin nasa ya fi na kowa daɗi.

Don sauƙin tunawa, mun laƙaba musu suna da Hausa. Past simple shi ne "an yi an gama". Past continuous shi ne "ana cikin yi". A karanta a tsanake, wanda ke da biro ya kwafa.

1. HAUSA TA RIGA TA YI MANA RABIN AIKIN

Mu duba wannan jimla da kowa ya saba ji:

"Muna cin tuwo sai aka ɗauke wuta."

Aiki biyu ne a ciki. Na farko cin tuwo, shi ne mai tsawo, an fara shi ba a gama ba. Na biyu ɗauke wuta, shi ne gajere, ya faɗo a tsakiyar na farko. Ba wanda ya koya mana wannan a aji, da shi muka tashi. A darasin Hausa ne daga baya muka ji cewa muna, suna, yana lokaci ne mai ci, muka, suka, aka kuma shuɗaɗɗen lokaci ne. A bakin mutanenmu na nan Jega da Aliero da Maiyama ma za ka ji "shina tahiya", ka ji "munka zo", "sunka tashi", "anka gama". Duk rabon nan ɗaya ne.

Haka Turanci ma yake raba su:

We were eating tuwo when the light went off.

Were eating shi ne "muna ci". Went off shi ne "aka ɗauke". When kuma ya tsaya inda "sai" take tsayawa.

To ina matsalar take? Ga ta. A Hausa kalmar "muna" ba ta damu da agogo ba. Muna cewa:

Yanzu muna cin tuwo.
Jiya da dare muna cin tuwo.
Gobe war haka muna cin tuwo.

"Muna" tana nan yadda take, kalmomin yanzu da jiya da gobe ne suke nuna lokacin. Turanci bai yarda da haka ba. Shi dole aikatau da kansa ya canza riga:

Now we are eating.
Last night we were eating.
This time tomorrow we will be eating.

Wannan shi ya sa ɗalibi Bahaushe yakan rubuta "Yesterday we are eating", yana ganin ai ya riga ya ce yesterday, magana ta ƙare. A wurin mai duba takarda kuwa ba ta ƙare ba. Saboda haka ga ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci a wannan darasi: idan labarin jiya ne, kowane aikatau sai ya sa rigar jiya, ko da an ambaci yesterday sau goma.

2. PAST SIMPLE: AN YI AN GAMA

Ana amfani da shi ga aikin da ya faru ya ƙare a wani lokaci da ya wuce. Kalmomin da suke rakiyarsa su ne irin yesterday, last week, last year, two days ago, in 1991. Tarihin jiharmu cike yake da misalansa:

General Ibrahim Babangida created Kebbi State on 27 August 1991.
Wato Janar Babangida ya ƙirƙiro Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta, 1991. Kafin nan muna cikin Jihar Sakkwato.

The state government established a university at Aliero in 2006.
Gwamnatin jiha ta kafa jami'a a Aliero a 2006.

Professor Attahiru Jega became the chairman of INEC in 2010. He left the office in 2015.
Farfesa Attahiru Jega ya zama shugaban hukumar zaɓe a 2010, ya bar kujerar a 2015.

Floods destroyed many rice farms in Kebbi State in 2020.
Ambaliya ta lalata gonakin shinkafa da yawa a Jihar Kebbi a 2020.

Created, established, became, left, destroyed. Duk an yi an gama.

Yadda ake gina shi. Aikatau na Turanci kashi biyu ne, masu bin doka da masu taurin kai.

Masu bin doka ana ƙara musu ed a ƙarshe: plant ya zama planted, wash ya zama washed, load ya zama loaded. Amma a lura da abu uku wajen rubutu:

Na ɗaya, idan kalmar ta ƙare da e, d kawai za a ƙara: arrive, arrived, close, closed.

Na biyu, idan ta ƙare da y kuma baƙi ne a gabansa, sai y ya koma i: carry, carried, dry, dried, study, studied. Idan wasali ne a gaban y, a bar shi: play, played, pray, prayed.

Na uku, gajeruwar kalma mai wasali ɗaya da baƙi ɗaya a ƙarshe, ana ninka baƙin: stop, stopped, drop, dropped, beg, begged.

Wajen furuci kuma, ed ɗin nan murya uku gare shi. A washed da packed yana fita kamar t. A rained da cleaned yana fita kamar d. Sai a kalmomin da suka ƙare da sautin t ko d kaɗai yake zama gaɓa mai zaman kanta, kamar planted da loaded. Don haka washed gaɓa ɗaya ce, kada a ja ta ta zama biyu.

Masu taurin kai su ba ruwansu da ed. Ba su da wata dabara sai hadda. Mun tsamo waɗanda ba za a iya ba da labarin kasuwa ko gona ko makaranta ba tare da su ba:

go, went
come, came
buy, bought
sell, sold
pay, paid
bring, brought
take, took
give, gave
see, saw
eat, ate
drink, drank
fall, fell
break, broke
catch, caught
teach, taught
write, wrote
run, ran
begin, began

Akwai kuma waɗanda ba su canzawa ko kaɗan: cut, put, hit, shut. Shi kuwa read rubutunsa ɗaya ne, amma idan jiya ce ana furta shi kamar sunan launin ja da Turanci. Shawararmu ita ce a haddace biyar kullum. Cikin mako biyu mutum ya sami saba'in. Da sannu-sannu kwana nesa.

Korewa da tambaya. A nan did yake shigowa. Shi ne yake ɗaukar kayan jiya a kansa, sai aikatau ya koma yadda yake tun asali:

My father sold ten bags of onions.
My father did not sell ten bags of onions.
Did your father sell ten bags of onions?

A duba da kyau, sold ya koma sell. Ba a cewa "did not sold", ba a cewa "Did you went?" Buhu ɗaya ba ya buƙatar 'yan dako biyu. Tun da did ya ɗauka, aikatau ya huta.

3. PAST CONTINUOUS: ANA CIKIN YI

Shi wannan ƙafa biyu gare shi, kuma da ɗaya ba ya tsayuwa. Ƙafar farko was ko were, ta biyu aikatau mai ing a ƙarshe.

I was, he was, she was, it was.
We were, you were, they were.

You kullum were yake ɗauka, ko mutum ɗaya ake nufi. Idan suna ne, tilo ya ɗauki was, jam'i ya ɗauki were: The farmer was working. The farmers were working.

Wajen ƙara ing ma akwai abin lura. Idan kalma ta ƙare da e da ba a furtawa, sai a jefar da shi: make, making, write, writing, come, coming. Gajeruwar kalma irin ta ɗazu ana ninka baƙinta: sit, sitting, run, running, cut, cutting. Mai ƙarewa da ie kuma tana komawa y: lie, lying, tie, tying.

Wurare uku ake kiransa.

Wuri na farko, idan ana so a faɗi abin da ake ciki a wani takamaiman lokaci:

At seven o'clock yesterday, we were sweeping the classroom.
Jiya da ƙarfe bakwai muna sharar aji. Ba a ce mun fara da bakwai ba, ba a ce mun gama da bakwai ba. Bakwai ta same mu muna ciki.

Wuri na biyu, idan ana shimfiɗa wa labari tabarma, wato ana nuna yadda wuri yake kafin abu ya faru:

The sun was rising. Women were frying bean cakes. Labourers were loading onions into a lorry.
Rana tana fitowa, mata suna tuyar ƙosai, 'yan dako suna loda albasa a babbar mota. Har yanzu ba abin da ya faru, amma mai karatu ya riga ya ga tashar da idonsa.

Wuri na uku, idan aiki biyu masu tsawo suna tafiya tare:

While my mother was pounding millet, my sister was fetching water.
Inna tana daka gero, yaya tana ɗebo ruwa.

Korewa da tambaya a nan ba su da wuya, kuma did ba shi da gurbi:

They were not listening.
Were they listening?
What were you doing at that time?

4. IDAN SUKA HAƊU A JIMLA ƊAYA

Nan ne daɗin darasin yake. Aiki mai tsawo ya ɗauki past continuous, gajeren da ya katse shi ya ɗauki past simple. Ku ɗauka hanyar da ta taso daga Jega ta bi ta Maiyama ta nufi Koko da Yawuri ita ce past continuous, doguwa tana tafiya. Akuyar da ta gitta ta tsallaka ita ce past simple.

We were travelling to Maiyama when a goat crossed the road.

Kalmomi biyu ne suke ɗaura auren, when da while. Galibi when yana gaban gajeren aiki, while kuma yana gaban dogon:

I was riding my bicycle when I fell.
While I was riding my bicycle, I fell.

Ma'anarsu ɗaya: ina tuƙa keke sai na faɗi. Idan when ko while ya zo a farkon jimla, a sa waƙafi a tsakiya. Idan ya zo a tsakiya, ba a buƙatar waƙafi. Sauran labarin kuma, tun da abubuwa ne da suka biyo juna ɗaya bayan ɗaya, duk past simple ne:

I broke my arm. My uncle took me to a bone setter in Aliero. The man tied the arm and gave us a date to return.

Na karye a hannu, kawu ya kai ni wurin mai ɗori a Aliero, ya ɗaure hannun, ya sa mana ranar komawa. A Hausa ma haka muke jero su: ya kai, ya ɗaure, ya sa.

Bari mu gwada da tarihi na gaske guda biyu da suka shafi ƙasarmu.

Na farko, labarin Gimbana. Malam Abdussalami, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya zauna da jama'arsa a Gimbana, a wannan yanki namu. A zamanin Sarkin Gobir Yunfa, dakarun Gobir suka kai wa garin hari suka kama mutane. Suna wucewa da su ta kusa da Degel, inda Shehu yake zaune, sai jama'ar Shehu suka kuɓutar da su. Wannan yana cikin abubuwan da suka kai ga hijirar Shehu zuwa Gudu a 1804. Daga baya ɗan Malam Abdussalami, wato Buhari, shi ya kafa garin Jega. Ga shi da Turanci:

The soldiers of Gobir attacked Gimbana and captured many people. They were passing near Degel when the Shehu's followers freed the captives. In 1804 the Shehu moved to Gudu.

Ku ƙirga. Attacked, captured, freed, moved, huɗu ke nan an yi an gama. Were passing shi kaɗai ne ana cikin yi, kuma daidai inda Hausa ta ce "suna wucewa" ya faɗo.

Na biyu, ranar 31 ga Maris, 2015, a Abuja, lokacin da ake tattara sakamakon zaɓen shugaban ƙasa. Farfesa Jega yana karɓar sakamakon jihohi sai wani tsohon minista, Godsday Orubebe, ya karɓi makirfo ya yi ta ɗaga murya yana ƙorafi. Farfesa ya saurare shi, ya ba shi amsa cikin natsuwa, aka ci gaba da aiki. Iyayenmu da malamanmu da yawa sun gani a talabijin ko sun ji a rediyo.

Professor Jega was receiving the results when a former minister took the microphone. While the man was shouting, the professor was sitting quietly. Then he answered calmly and continued his work.

A jimlar farko gajere ya katse dogo. A ta biyu dogaye biyu suna tafiya tare. A ta uku gajeru biyu sun bi juna. Duk darasin nan yana cikin layuka ukun nan.

5. INDA KUSKURE YAKE JUYA LABARI

Wani zai ce, ai ko an musanya su za a gane. Ba kullum ba. Mu da muke zaune kusa da gulbi, mu duba waɗannan biyu:

The boy was drowning.
The boy drowned.

Ta farko tana nufin yaron yana nitsewa, ruwa yana cin sa, amma mai yiwuwa wani mai kwalekwale ya cece shi. Ta biyu tana nufin ya nitse ya rasu. Wanda ya rubuta ta biyu alhali ta farko yake nufi, ya aika wa gidan mutane saƙon ta'aziyya yaronsu yana raye.

Ga wasu:

When the principal came in, we stood up.
When the principal came in, we were standing up.

Ta farko, shigowarsa ce ta sa muka miƙe, ladabi ke nan. Ta biyu, ya tarar da mu muna cikin miƙewa ko muna tsaye tun kafin ya shigo.

When the teacher arrived, the boys were fighting.
When the teacher arrived, the boys fought.

Ta farko, malam ya tarar ana faɗa. Ta biyu, sai da malam ya iso sannan suka kaure da faɗa a gabansa. Hukuncin biyun ba zai zo ɗaya ba. Monitan da aka ce ya rubuta rahoto da Turanci, sai ya yi hattara kada ya ƙara wa wani laifi.

The farmer was building a store for his onions.
The farmer built a store for his onions.

Ta farko ba ta ce ya gama ba, ƙila ruwan sama ya riga shi. Ta biyu rumbu ya tsaya, albasa ta sami wurin kwana.

Gobe wasu daga cikinmu za su zama ma'aikatan jinya, wasu 'yan sanda, wasu lauyoyi, wasu 'yan jarida na gaske. Duk waɗannan suna rubuta rahoton abin da ya faru, kuma da Turanci ake rubuta shi a ofisoshin ƙasar nan. "Yana tsallaka titi mota ta buge shi" daban, "ya tsallaka titi sannan mota ta buge shi" daban. Haƙƙin mutum yana iya rataya a kan wannan bambanci.

6. AIKATAU MASU ƘIN ING

Akwai wani tarko kuma da Hausa take kai mu cikinsa. Muna cewa "ina so", "yana da keke", "suna buƙata". Tun da ga ina da yana da suna, sai hannu ya tafi ga was da ing. Amma Turanci yana ɗaukar so da sani da mallaka a matsayin hali da mutum yake ciki, ba aikin da ake gani ana yi ba, don haka galibi ba ya sa musu ing. Manyansu su ne know, want, like, love, hate, need, believe, understand, belong, da have idan mallaka ake nufi.

Yana da keke a bara: He had a bicycle last year. Ba a cewa "He was having a bicycle."
Ina son ruwa a lokacin: I wanted water. Ba a cewa "I was wanting water."
Mun san hanyar: We knew the road. Ba a cewa "We were knowing the road."

Amma idan have yana nufin cin abinci, ya halatta: We were having breakfast when the bell rang. Muna karin kumallo aka kaɗa ƙararrawa.

7. GAJEREN INSHA'I NA GWAJI

Mun ƙirƙiri wannan labari don misali kawai. A karanta a ja layi ɗaya a ƙarƙashin past simple, layi biyu a ƙarƙashin past continuous, amma a littafi, ba a jikin allonmu ba.

Last Saturday my uncle and I left Maiyama early in the morning. We wanted to sell two bags of millet at Jega market. When we arrived, traders were opening their shops and a man was selling sugar cane near the gate. While my uncle was bargaining with a customer, I saw a small girl. She was crying because she did not know the way home. I held her hand and took her to a woman who was frying yams. The woman knew her mother. We were still talking when the mother came. She thanked us and gave me three oranges.

Me muka gani? Ƙashin bayan labarin duk past simple ne: left, arrived, saw, held, took, came, thanked, gave. Idan aka karanta su kaɗai, labarin yana nan. Past continuous kuma shi ya zuba masa nama: were opening, was selling, was bargaining, was crying, was frying, were talking. Wanted da knew sun ƙi ing kamar yadda muka faɗa. Did not know kuma did ya ɗauki kaya, know ya huta. Insha'in da babu past continuous a cikinsa yakan bushe kamar jerin sunayen rajista. Wanda kuma aka cika shi da was da were tun daga sama har ƙasa, mai karatu zai yi ta jira wani abu ya faru har takarda ta ƙare.

8. TAMBAYOYI UKU KAFIN A MIƘA TAKARDA

Idan an gama rubutu, a rage minti biyar a bi kowane aikatau ana tambayarsa:

Ɗaya: Ka sa rigar jiya? Idan an ga is, are, am, go, come a cikin labarin jiya, a tsaya a duba.

Biyu: Da Hausa "suna yi" ne ko "suka yi"? Idan suna yi ne, was ko were da ing, sai dai in yana cikin masu ƙin ing. Idan suka yi ne, past simple.

Uku: Ƙafafun sun cika? "They playing" gurgu ne, babu were. "They were play" shi ma gurgu ne, babu ing.

9. GWADA ƘWAZONKA

A juya waɗannan zuwa Turanci. Kada a leƙa amsa sai an gama.

1. Muna wasan ƙwallo sai aka fara ruwa.
2. Manoma suna cire albasa lokacin da muka isa Aliero.
3. Ban ga malam jiya ba.
4. Me kake yi jiya da ƙarfe takwas na dare?
5. Ɗan kabu-kabu ya tsaya, ya ɗauki fasinja, ya wuce.
6. Kakata tana da shanu biyar a lokacin.
7. Muna karatu, su kuma suna barci.

Amsoshi:

1. We were playing football when the rain started.
2. The farmers were harvesting onions when we reached Aliero.
3. I did not see the teacher yesterday.
4. What were you doing at eight o'clock last night?
5. The motorcyclist stopped, picked up a passenger and left.
6. My grandmother had five cows at that time.
7. While we were reading, they were sleeping.

Wanda ya ci bakwai, a tafa masa. Wanda ya ci huɗu zuwa shida, ya sake duba sashen da ya kayar da shi. Wanda bai kai huɗu ba, kada ya ji kunya, ya nemi malamin Turanci ko wani ɗan ƙungiyarmu lokacin tara, a zauna a bi darasin tare. Mai tambaya ba ya ɓata.

Ga aikin gida ga mai so: ka tambayi wani babba a gidanku abin da yake yi lokacin da ambaliyar 2020 ta zo, ko lokacin da ya ji labarin an ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991. Zai ba ka amsa da Hausa, kuma za ka ji "muna" da "sai" da "muka" suna fitowa da kansu. Ka mayar da amsar Turanci cikin jimla biyar, ka kawo wa ƙungiya kafin ranar Alhamis. Uku da suka fi kyau za mu liƙa su a wannan allo a fitowa ta gaba.

 Allah ya ba yayyenmu 'yan aji uku sa'ar jarrabawa, ya ba mu ilimi mai amfani, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.

Daga sashen darussa na ƙungiyar 'yan jarida, aji biyu na ƙaramar sakandare.